Yadda ake auna cinikin kwatabak da darajar guraben diraf a NFL

Duk lokacin da wani kulob ya sayi kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kafin a yi minti goma ka ji an fara cewa wane ya ci riba wane an yi masa wayo, alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba. To ni dai ga yadda nake lissafin nawa in labarin ciniki ya fito.

Fara da jadawalin maki. Kulob 32 ne, diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi bi da bi kowace shekara, zagaye 7 ne, kowane kulob da gurbinsa a layi, wanda ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. Tun farkon shekarun 1990 Dallas Cowboys, zamanin koci Jimmy Johnson, suka ba kowane gurbi maki: na ɗaya 3000, na biyu 2600, na uku 2200, na 10 maki 1300, na 16 maki 1000, na 32 kuma 590. Sai ka haɗa abin da aka bayar ka cire daga abin da aka karɓa, shikenan. Gwada da cinikin kwatabak Patrick Mahomes a 2017: don su ɗauke shi, Kansas City sun tashi daga gurbi na 27, mai maki 680, zuwa na 10, suka ƙara wa Buffalo gurbin zagaye na uku mai maki 136 da gurbin zagayen farko na 2018. Ka ga giɓin da ya rage 484 ne, kuma a al'adar masu ciniki gurbin baɗi ana rage masa daraja da zagaye guda, wato na farkon baɗi kamar na biyun bana yake, wajen maki 400 da wani abu, kenan a takarda ciniki ya kusa yin daidai.

Amma kar ka riƙe jadawalin nan kamar wahayi. Farashin kasuwa yake nuna maka, abin da kulob suka saba biya, ba amfanin da ɗan wasa zai yi ba. Cade Massey da Richard Thaler sun yi bincike a 2005 suka nuna kulob na tsawwala darajar guraben sama fiye da kima, don tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na 33 a fili ba ta kai wadda ke kan takarda ba. Sai dai in kwatabak ake hawa sama a ɗauko, kowa ya san za a biya ƙari a kan maki, mai gurbin ya san kana cikin matsi.

Abu na biyu, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kwantiragi. Tun yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sabbin 'yan wasa. Sam Bradford da aka ɗauka na ɗaya a 2010 ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida, shekara ɗaya tak bayan nan Cam Newton, shi ma na ɗaya, ya samu wajen miliyan 22 na shekara huɗu. Wannan ya canza komai. Gurbin zagayen farko yanzu ɗan wasa ne mai arha na shekara huɗu, da damar kulob ya riƙe shi ta biyar, kuma tunda akwai iyakar albashin da kulob ba zai wuce ba, rarar kuɗin da ita ake sayo wa kwatabak masu tsare shi da masu kama masa ƙwallo. In ka sayi tsohon hannu kuwa sau biyu kake biya, ka ba da gurabe sannan ka biya shi albashin manya, kuma guraben da ka bayar su ne arhar da da za ka cike sauran wuraren da ita.

Dubi Denver da Russell Wilson a 2022. Guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, na biyar ɗaya, da 'yan wasa uku suka tura Seattle, sannan tun bai jefa musu ƙwallo ko ɗaya a gasa ba suka tsawaita masa kwantiragi na shekara biyar kan sama da dala miliyan 240. Kaka biyu kawai ya yi suka sallame shi a 2024, aka bar su da mataccen kuɗi dala miliyan 85, wato kuɗin da ake ci gaba da lissafa musu a iyakar albashi alhali mutumin na can yana wa wasu wasa. Cleveland ma a shekarar sun ba da guraben farko uku kan Deshaun Watson da kwantiragin miliyan 230 da dole a biya shi duka, ko ya buga ko bai buga ba. Don haka in ka ga adadi mai tsoratarwa, tambaya kawai nawa ne dole a ciki, sauran duk ado ne.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci: gurbin baɗi da ka bayar, a ina zai faɗo in ka yi kuskure? Mai saye kullum yana lissafi ne kamar gurbin nasa zai zama na 25 ko na 30, tunda ai ya samu gwani. To in gwanin bai yi ba fa, kulob ya faɗi ƙasa, gurbin ya hau sama, kuma yana hannun wani. Biyu babu kenan. Carolina a 2023 sun ba Chicago gurbi na 9, da na 61, da na farkon 2024, da na biyun 2025, har da mai kama ƙwallo DJ Moore, don su ɗauki Bryce Young. Suka ci wasa 2 suka sha kashi a 15, gurbin nasu ya zama na ɗaya dungurungum, Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi. Maki 3000 fa a jadawali, abin da aka yi wa kuɗi kamar ɗari huɗu ranar ciniki. Na Denver ma haka, na 2023 ya zama na biyar. Shi ya sa nake lissafa kowane gurbin gaba sau biyu, ɗaya in abu ya yi kyau ɗaya in ya ɓaci, in kulob ba zai iya jure na biyun ba to cinikin ya yi tsada ko me maki suka ce.

Wasu na rage wannan haɗarin da gurbi mai sharaɗi. Jets da suka sayi Aaron Rodgers a 2023 sun ce gurbin zagaye na biyu da suka bayar zai koma na farko in ya buga kashi 65 cikin 100 na wasan, sai jijiyar agararsa ta tsinke a wasan farko, gurbin ya tsaya a na biyu. In ka ga irin wannan sharaɗin ka san mai sayen ma da shakkarsa.

Sannan ka dubi kulob ɗin da kansa, kwatabak kaɗai ya rage musu ko ko'ina rami ne? Rams a 2021 sun ba Detroit Jared Goff da guraben farko biyu da na zagaye na uku ɗaya kan Matthew Stafford, lokacin suna da manyan 'yan wasa irin su Aaron Donald da Cooper Kupp a hannu, kuma a kakar suka ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin gasar, gurbin 2022 ɗin ya zama na 32. Na 2023 dai ya zama na shida don sun rushe bayan nan, amma wa zai ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba? Detroit ɗin ma ba su yi asara ba, Goff da aka ɗauka kamar gyara aka ba su shi ya kai su wasan ƙarshe na NFC, matakin da daga shi sai Super Bowl, a Janairun 2024. San Francisco kuwa sun tashi daga na 12 zuwa na uku don Trey Lance, suka ba da na farkon 2022 da 2023, wasa huɗu kacal ya fara musu suka sayar da shi ga Dallas kan gurbin zagaye na huɗu. Abin da ya rufa musu asiri Brock Purdy ne, wanda suka ɗauka a gurbi na 262, na ƙarshe a diraf ɗin 2022, kuma ko da wasa ba na sa irin wannan sa'ar cikin lissafi.