Yadda na gano ciwon wata Corolla da ƙaramar sikana

Wani Alhaji ya kawo min Corolla ƙirar 2010, injin yana karkarwa in an tsaya, fitilar cek injin kuma ta ƙi mutuwa. Na canza fulogi huɗu da zato kawai. Washegari ya dawo rai a ɓace: "Malam, kuɗina fa na kashe, motar tana nan yadda take."

Kunya ta sa na sayi sikanar OBD2, na'urar da ke karanta lambar matsala daga kwamfutar mota, ba mai tsada ba, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth. Na duba kawai ko tana karanta lamba tana kuma gogewa. Na soka ta a ramin nan mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ta nuna P0301, wato silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata.

Ban yi saurin sayen kaya ba wannan karon. Na musanya kwail (abin da ke ba fulogi wuta) na silinda ta ɗaya da na ta biyu, na goge lambar, na zaga da motar. Lambar ta koma P0302. Ashe ciwon ya bi kwail ɗin zuwa silinda ta biyu.

Kwail ɗaya na canza, karkarwar ta tsaya. Kuɗin aikin fulogin kuwa, na yafe wa Alhaji.