Yadda na tare zaizayar gonata da dabarar mutanen Inka

Gonata a gindin dutse take, can wajen Birnin Kudu. Duk damina ruwa sai ya kwashe takina ya kai wa maƙwabcina na gangare, kyauta. Ɗana ne ya nuna mini hoton Macu Piccu a waya, tsohon garin daular Inka da ke ƙasar Peru, wanda aka gina wajen 1450 zamanin Sarki Pacakuti, a kan tsauni mai tsayin mita 2,430. Shi gidajen yake kallo, ni kuwa idona na kan gonakin da suka yanka hawa-hawa. Ruwan da ake zubawa can ya fi namu nesa ba kusa ba, amma katangun na nan tsaye.

Idan kana so ka kwaikwaye su kamar yadda na yi, da rani za ka fara, kuma daga saman gona. Ka nemi doguwar tiyo mai haske irin ta magina, ka cika ta da ruwa. Kai ka riƙe baki ɗaya, yaronka ɗaya. Inda ruwan ya daidaita ku kafa turke, ku ja igiya. Kada ka yarda da idonka a nan, ƙasa na yaudara.

Ka kankare ƙasar sama ka tara gefe, ita ce dukiyar. Sai ka haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya a bin igiyar, ka jera manyan duwatsu ba siminti, ba laka, katangar ta ɗan jingina wajen tudu. Tsayinta iya gwiwa ya isa.

Aikin gaske yana bayan katangar. Mutanen Inka duwatsu suke fara zubawa, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, don ruwa ya tsiyaye ta ƙasa maimakon ya taru ya ture gini. Ni shekarar farko ƙyuya ta sa na cike da laka. Ruwan Agusta na dare ɗaya ya kwantar da ita, na wayi gari ina tsintar duwatsu cikin gyaɗa.

A bakin kowane hawa ka dasa gamba, saiwarta na riƙe ƙasa, ga zana kuma idan kaka ta yi. Jidar dutse kam sai da gayya, ka tanadi fura da goro.

Ruwan farko mai ƙarfi, kada ka zauna a ɗaki. Ɗauki fartanya ka je ka ga inda yake tsallakewa, ka ƙara dutse a nan tun ƙasa na da danshi.