Yadda ake ɗaukar bayanin majinyacin da ya leƙa lahira ya dawo

Zuciya na tsayawa, cikin daƙiƙa 20 mutum ya sume. Duk da haka wasu da aka farfaɗo da su kan ce sun ga haske, ko sun hangi gangar jikinsu daga sama. A binciken da likitan zuciya Pim van Lommel ya wallafa a 2001, cikin majinyata 344 da aka farfaɗo da su a asibitocin Holan, 62 ne suka ba da irin wannan labari. Mai jinya ko nas ne yakan fara ji, kuma a hannunsa bayanin ke lalacewa.

Kada a yi gaggawa. A bari sai majinyacin ya san sunansa da inda yake kwance. A auna sukari, zazzaɓi da iskar oksijin da ke cikin jini, domin ɗimuwar ciwo takan sa sambatu. Maganar mai ɗimuwa a warwatse take, ta safe daban ta dare daban. Labarin da muke nema yakan zo a jere. A duba katinsa kuma, ko an yi masa allurar ketamin, wato maganin sa barci da kashe zafi, don ita ma tana sa mutum ya ji ya fita daga jikinsa.

Tambayar farko ita ce gaba da komai. A ce, "Baba, me ka tuna tun daga sa'ad da ka faɗi?" Sai a yi shiru. Wanda ya ce "ka ga haske?" ya riga ya sa masa magana a baki. A rubuta da kalmominsa, ko a naɗa a waya da izininsa, tun kafin 'yan dubiya su ba shi labarin abin da ya faru.

Daga nan sai ma'aunin da likitan ƙwaƙwalwa Bruce Greyson ya fitar a 1983 don tantance irin wannan labari: tambaya 16, kowace maki 0 zuwa 2, kuma daga maki 7 ake lissafa shi cikin masu wannan hali.

In ya ce ya ga ana aiki a kansa, a tambayi wa ya danna masa ƙirji don farfaɗo da shi, ina yake tsaye, me ya ce, sannan a gwada da lokutan da ke cikin fayil. Nan hukunci ke da wuya, domin dannar ƙirji mai kyau tana kai ɗan jini ƙwaƙwalwa, kuma tunanin zai iya ƙulluwa wajen shiga sumar ko fitowa. Saboda haka labarin shi kaɗai bai raba gardamar ko rai ne ya bar jiki ko aikin ƙwaƙwalwa ne ba.

Kada a ce masa aljanu ne ko taɓin hankali. In tsoro ko rashin barci ya zarce wata guda, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa.