Darasi na Tara: Zaɓen Wayar Sana'a Mai Ɗaukar Kowane Layi

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, da tela, da mai POS, da matar da ke tallan atamfa a WhatsApp, duk wayarsu ce ƙofar shagonsu. Ta nan ciniki yake shigowa, ta nan saƙon banki yake faɗowa. In layi ɗaya ya ɗauke, dole a koma wani nan take, in ba haka ba mai saye ya wuce shagon gaba. Saboda haka wayar sana'a tana bukatar abu biyu: ta zama buɗaɗɗiya, wato mai karɓar layin kowane kamfani, kuma ta iya kama sabis ɗin kamfanonin da ke garinku. Waɗannan abubuwa biyu daban suke. Waya tana iya zama a buɗe amma ta kasa jan data yadda ya kamata, kuma nan ne mutane da yawa suke tafka asara.

Kullalliya da buɗaɗɗiya

A Amurka da wasu ƙasashe, kamfanin layi kamar AT&T ko Verizon ko T-Mobile yakan ba mutum waya ya riƙa biya wata-wata. Sai a kulle wayar yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu. Irin waɗannan suna shigowa cikin wayoyin hannu da ake kira "London yus", ana samun su a Farm Centre ta Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Legas. Da ka sa mata layin MTN ko Airtel, sai ta rubuto "SIM not supported" ko "SIM network unlock PIN". Duk wayar da ta nuna maka ɗayan waɗannan, a kulle take.

Sababbin wayoyi na kwali da aka yi domin kasuwarmu, irin su Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung, galibi a buɗe suke zuwa. Wajen na hannu ne ake bukatar buɗe ido.

A kasuwa za ka ji ana cewa "faktori anlok" da "cif anlok". Ta farko kamfanin ne da kansa ya buɗe ta, ba za ta sake kulluwa ba. Ta biyu kuwa tana nan a kulle, wata 'yar siririyar leda mai zaren lantarki aka shimfiɗa ƙarƙashin sim don ta yaudari wayar. Tana da araha, shi ya sa take jan hankali. Amma ranar da aka sabunta manhajar wayar ko aka sauya layi, sabis yana iya ɗaukewa gaba ɗaya, sai an koma wajen mai gyara. Wanda abincinsa ya rataya a kan waya kada ya kusance ta, ko nawa aka rage masa.

A iPhone ana iya dubawa tun kafin a sa layi. Shiga Settings, sai General, sai About, ka gangara zuwa Carrier Lock. In ka ga "No SIM restrictions", a buɗe take. Ka kuma duba gefenta: tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan, sai eSIM, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayar da shi a ofisoshinsu, sai dai ba za ka iya zare shi ka sa a ƙaramar waya ba ranar da caji ya ƙare a tsakiyar kasuwa.

Akwai wasu makullan da ba na layi ba. Wayar da tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ko na Google ba, da zarar an goge ta za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa. Wayar da aka ɗauka bashi kuma, kamfanin yana iya rufe ta daga nesa idan ba a gama biya ba, ko da ta sauya hannu sau uku.

Zangon da waya take kamawa

Duk mai sauraron rediyo ya san cewa akwatin da FM kaɗai yake kamawa ba zai kawo tashar da ke gajeren zango ba, kome kyawunsa. Haka waya take. Kowane kamfani yana watsa sabis ɗinsa a wasu zanguna, kowace waya kuma akwai waɗanda aka ƙera ta ta kama. A takardar bayanin waya ana rubuta su da kalmar Band da lamba, ko a taƙaice B3, B20.

Kira da saƙo ba su cika ba da matsala ba, domin 2G a Najeriya yana kan 900 da 1800, 3G kuma galibi a 2100, kusan kowace waya tana kama su. Rigimar tana wajen 4G. Ga lambobi huɗu da za ka rubuta a takarda ka tafi da su kasuwa:

- B3, wato 1800: wannan ne na kowa, Airtel da T2 (tsohuwar 9mobile) da MTN duk suna kansa.
- B7, wato 2600: yana da sauri amma ba ya tafiya nesa, na cikin gari ne.
- B20, wato 800: MTN tana amfani da shi.
- B28, wato 700: a kansa Glo ta fara 4G ɗinta a 2016.

Ka lura da 700 da 800. Zango mai ƙaramar lamba irin waɗannan ya fi 1800 da 2600 tafiya nesa daga turken sabis, ya kuma fi ratsa bango. Mai shago a can cikin rumfunan kasuwa, ko mai sana'a a ƙauyen da turke yake da nisa, shi ya fi kowa bukatar B20 da B28. Abin takaici, su ne kuma aka fi rasawa. Ƙananan wayoyin da kamfanonin layin Amurka suke sayarwa an yi su ne domin zangunan can, irin su B2, B4, B12 da B13. Wayoyin da aka yi wa cikin gidan Chaina kuma sau da yawa ba su da B20, wasu ma babu Play Store a cikinsu. A Samsung, duba lambar samfurin a About phone: in ta ƙare da U, ta kamfanin layin Amurka ce, mai F ko B ita ce ta sauran duniya.

Maganar 5G gajeriya ce. MTN ta fara a 2022, Airtel a 2023, a kan zangon n78, kuma a wasu unguwannin manyan birane ake samu. In bai iso inda kake sana'a ba, gara ka sa kuɗin a batir mai 5000mAh, da RAM (ƙwaƙwalwar aikin waya) na aƙalla 4GB, da ma'aji na 64GB ko 128GB, don hotunan kaya da saƙonnin murya suna cika waya da wuri.

Gwaji a gaban mai shago

Tafi da layuka biyu na kamfanoni daban-daban masu kuɗi da data a ciki, da ɗan tsinken buɗe ramin sim. Kada kuɗi ya bar hannunka sai ka yi waɗannan:

1. Danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, za ta fito, mai sim biyu za ta nuna guda biyu. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ajiye wayar.
2. Sa layi na farko, ka kira wani ka ji muryarsa, shi ma ya ji taka. Danna *310# ka ga ko kuɗin layin zai fito, sannan ka gwada lambar bankinka ta tura kuɗi.
3. Kashe Wi-Fi, domin na shagon yana ɓoye aibin waya. Kunna data ka dubi saman allo kusa da sandunan sabis. 4G ko LTE kake nema. H ko H+ na nufin 3G, E kuma 2G ne, wanda hoto ɗaya zai sa ka jira har ka gaji.
4. Zare layin, sa na biyu, ka maimaita. Mai rami biyu a gwada kowane rami.
5. In ta hannu ce, mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, a sake kunna ta da intanet har ta buɗe ba ta nemi asusun kowa ba.
6. A rubuta IMEI a kan rasit, da sunan shago da kwanan wata. Ranar da aka ce wayar ta sata ce, wannan takardar ce shaidarka.

In waya ta ƙi nuna 4G

Ba kullum laifin waya ba ne. Tsohon sim da aka saya kafin zuwan 4G ba zai kama shi ba, sai an sauya katin a ofishin kamfani, lambarka tana nan. Wani lokaci an saita wayar ne a kan 3G, sai a shiga Mobile network a zaɓi 4G a Preferred network type. Wasu tsofaffin wayoyi ramin farko ne kawai yake ba da 4G. In sanduna sun cika amma data ba ta tafiya, a shiga Access Point Names a mayar da shi yadda yake tun asali. In kira ne ba ya fita sam, danna *996# ka duba ko an haɗa layin da lambar NIN.

Mai sim biyu ya sani cewa yawancin wayoyi, yayin da kake magana a layi ɗaya, wanda ya kira ɗayan ba zai same ka ba. Mai POS da ke karɓar kira da yawa gara ya riƙe ƙaramar waya ta daban. Masu fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Konni, su bar rami ɗaya domin layin Nijar, kamar Airtel ko Moov ko Zamani. Airtel ɗin Najeriya baƙo ne a can, kuɗin baƙo ake cajin sa, duk da sunan ɗaya ne.

Aiki

Danna *#06# a wayarka, ka kwafi IMEI ɗin a littafinka, ka ƙirga alƙaluman. Karɓi aron layin wani kamfani daga abokin karatunka, ka sa a wayarka, ka rubuta abin da ya fito a saman allo: E, H, ko 4G. Ka sake dubawa a wurin sana'arka da kuma cikin ɗakinka, ka zo da amsoshin uku darasi na gaba.