Yadda ake sanyaya akwatin kwamfuta mai araha kuma a rage masa ƙara

Akwatin kwamfuta mai araha yakan zo da fanka ɗaya tak a baya, gabansa kuma a rufe da gilashi ko roba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, iskar da ke shiga cikinsa ta riga ta ɗumama, sai fankar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi ta gudu tana kuka. Zafin da ƙarar daga tushe ɗaya suke, wato iska ta rasa hanya.

Fara da aunawa. Ka sauke manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti goma ka duba zafin firosesa. Yawancin na Intel iyakarsu digiri 100 ce, na AMD Ryzen kuma yawanci 95, kuma da sun kusanci nan sukan rage gudu da kansu. Daga nan ka cire murfin gefe ka sake aunawa. Idan zafin ya sauka sosai, laifin na akwatin ne.

Sai ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka fita da ita waje. Hure ƙurar da injin hura iska, amma ka riƙe fuka-fukan kowace fanka da yatsa don kada ta juya fiye da kima ta lalace. A hunturu sai an riƙa yin wannan a kai a kai, domin ƙura na liƙe tsakanin ƙarafan da ke sanyaya firosesa.

Wurin da mutane suka fi kuskure shi ne ɗaura fanka. Iska ta shigo ta gaba, ta fita ta baya da sama. Fuskar fankar da ke da sandunan roba masu riƙe da injinta, ta nan iska ke fita, wasu ma suna da kibiya a gefe. Sa biyu a gaba suna jawowa, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan iska mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ramuka, sai dai ta bi ta ragar tacewa da za ka iya cirewa ka wanke. Ka zaɓi fanka mai faɗin milimita 120 ko 140, kada ka yarda da 'yar ƙarama mai 80, domin ita sai ta yi gudu sosai kafin ta tura iskar kirki. A ganina fanka biyu masu kyau irin Arctic P12 sun fi biyar masu fitilu kala-kala amfani nesa ba kusa ba.

Duba kan wayar fankar kuma. Wadda aka haɗa kai tsaye da wayar Molex, wato wayar da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfutar, kullum a ƙarshen gudunta take. Mai fil huɗu, ita ake so: ka soka ta a madabod, wato babban allon da aka haɗa duk kayan kwamfutar a kansa, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar, da maɓallin Del ko F2 yayin kunnawa, ka saita ta yi a hankali har zafi ya kai digiri 60 sannan ta fara ƙara gudu.

Ragowar aikin ƙanana ne. Ɗaure wayoyi a bayan akwatin, ɗaure sukurorin da suka saki domin su ke kawo karkarwa, kuma ka ɗaga akwatin daga kan darduma idan fankar akwatin wutarsa ƙasa take kallo.