Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tarihin rayuwar 'yan gwagwarmaya a zaman ƙungiya

Na daɗe ina zama cikin irin karatun nan na haɗin gwiwa, inda 'yan ƙungiya za su ɗauki littafin da wani ɗan gwagwarmaya ya rubuta kan rayuwarsa su riƙa bin sa babi-babi duk mako, kuma gaskiya ban ga abin da ya kai irin waɗannan littattafan jawo matashi cikin siyasa ba. Ka miƙa wa yaro littafin aƙida zalla a shafi na uku zai fara gyangyaɗi, amma ka ba shi labarin Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, a gidan yari yana kwafe ƙamus da hannu kalma bayan kalma sai ka ga ya kwana bai rufe ba. Shi ya sa nake jin zafi in na ga ana ɓata wannan damar, kuma ni ma na ɓata ta a baya.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a gama littafi a fito da gwarzo ɗaya tal a kai, kamar shi kaɗai ya yi komai. To in darasin ke nan me za ka koya wa ƙungiya, sai dai kowa ya zauna jiran ranar da Allah zai kawo wani Mandela. Dubi Rosa Parks ta Amurka, labarin da ke yawo shi ne wata mata baƙar fata ce ta gaji daga aiki ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a 1955, alhali ita da kanta a littafinta ta ƙaryata zancen gajiyar jiki, tun 1943 take sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, na garin Montgomery, ta san abin da take yi. Kuma a daren da aka kama ta wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson ce ta kwana tana buga dubban takardun kira ga ƙaurace wa bas, matan ƙungiyarsu suka rarraba, sannan aka yi kwana 381 mutane suna zuwa aiki a ƙafa ko a motocin da aka tsara, wani ya ba da mota, wani ya tara kuɗin mai, wani ya riƙe jadawali. Gyaran mai sauƙi ne, duk mai karatu ya ajiye takarda a gefe, duk sunan da ya ci karo da shi ban da na marubucin ya rubuta shi da aikin da mutumin ya yi. Wallahi kafin a kai rabin littafi za ku ga takardar ta cika, kuma a nan ne yaran da ba su iya jawabi ba suke gane su ma suna da wurin tsayawa.

Sai kuma rashin tambayar yaushe aka rubuta, don wa, kuma hannun wa ya shiga ciki. Mandela ya fara rubuta nasa ne a ɓoye a kurkukun tsibirin Robben a 1975, da dare yake rubutu, abokan zamansa a kurkukun Walter Sisulu da Ahmed Kathrada su duba, a sake kwafewa da ƙananan haruffa sosai, shi ne kwafin da wani fursuna Mac Maharaj ya fita da shi da aka sake shi a 1976, asalin kuma suka binne a lambun gidan yarin har gandurobobi suka tono shi wajen ginin katanga, aka hana su karatu shekara huɗu. Amma littafin da ke hannunmu a 1994 ya fito, shekarar da ya zama shugaban ƙasa, da taimakon ɗan jarida Richard Stengel, a lokacin babban abin da ke gabansa shi ne kada ƙasar ta wargaje, dole muryar ta yi sanyi fiye da ta fursunan 1975. Na Malcolm X kuwa Alex Haley ne ya tsara shi daga hirarraki, ana cikin aikin Malcolm ya bar ƙungiyar Nation of Islam a 1964 ya tafi hajji ra'ayinsa ya canza, aka kashe shi a Fabrairun 1965 kafin littafin ya fito, kuma akwai babin da ba a saka ba. Frederick Douglass, tsohon bawa a Amurka, shi ma a littafinsa na 1845 da gangan ya ɓoye yadda ya tsere daga bauta don kada a toshe hanyar ga na baya, sai a 1881 ya faɗa. Saboda haka zaman farko kada ku taɓa babi na ɗaya, ku ƙare shi kan shekarar bugu, gabatarwa, da halin da marubucin yake ciki a lokacin.

Wani kuskuren, inda littafi ya tsaya nan karatu ke tsayawa. Na Kwame Nkrumah a 1957 ya fito, shekarar 'yancin Ghana, duk haske ne. Wanda ya rufe a nan bai san dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958, bai san an koma jam'iyya ɗaya a 1964, ko cewa abokin hamayyarsa J. B. Danquah a kurkuku ya rasu a 1965, balle juyin mulkin 1966. Ina girmama Nkrumah har zuciyata, amma ƙungiyar da ba ta tattauna abin da ke faruwa bayan an ci nasara tana yaudarar kanta ne. A ɗora wa mutum biyu nauyin kawo abin da ya biyo bayan shafin ƙarshe, har da abin da abokan hamayyarsa suka ce.

Nawa kuskuren shi ne tsintar kalamai masu zafi. Shekarun baya ni ke jagorantar wani zama, sai in ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke tayar da tsikar jiki in karanta da ƙarfi a yi tafi, har ranar da wata 'yar uwa ta ce, ɗan uwa wannan maganar a wace shekara ya faɗe ta, kuma wa yake ba amsa? Na yi shiru don ban sani ba. Abin ya fi haɗari in aka zo maganar makami, Mandela bai kai ga kafa Umkhonto we Sizwe, reshen masu ɗaukar makami na ƙungiyarsu ta ANC, a 1961 ba sai bayan shekaru na zanga-zangar lumana, bayan 'yan sanda sun harbe masu zanga-zanga 69 a garin Sharpeville a 1960 an kuma haramta ANC, kuma ya yi dogon bayanin muhawarar da aka sha. Che Guevara ya ɗauki salon da ya ci a Kuba ya kai Kongo a 1965 bai yi ba, shi da kansa ya kira abin da ya rubuta kan tafiyar tarihin gazawa, ya kai Bolibiya aka kashe shi a 1967. Duk dabarar da kuka gani ku tambayi me ya sa ta yi aiki a wurin, waɗanne sharuɗɗa ne suka haɗu, mu muna da su?

Akwai kuma masu jefar da littafi gaba ɗaya da zarar an ce an gano kuskure. Haka aka yi wa Rigoberta Menchú, 'yar gwagwarmayar kare 'yan asalin ƙasar Gwatamala, da wani mai bincike David Stoll ya nuna a 1999 cewa wasu abubuwan da ta ce ta gani da ido ba haka suka faru ba. Ƙorafin na da tushe, a karanta shi, amma mahaifinta dai ya mutu a gobarar ofishin jakadancin Sifen a 1980, kuma hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta ƙiyasta mutum sama da 200,000 aka kashe ko suka ɓace a yaƙin basasar ƙasar. A ajiye shaidarta kusa da rahoton, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Kuma don Allah a daina zaɓen na shugabanni maza kaɗai. Domitila Barrios de Chungara matar mahaƙin ma'adinai ce a Bolibiya, labarinta cike yake da yadda matan gida suka kafa kwamiti, wa zai riƙe yara in an tafi taro, yadda mazajen wasu ke hana su fita. In kun zo kan irin wannan babin ku ba waɗanda ke shara da jera kujeru a zaman naku damar fara magana.