Ku buɗe wa kowane yaro littafin lafiyarsa

Assalamu alaikum iyaye. Tsadar magani ta kai inda ta kai, shi ya sa nake roƙon mu riƙa rubuta ciwon 'ya'yanmu. Ɗan littafin makaranta ya isa, ko shafi guda a waya, kowane yaro da nasa.

In zazzaɓi ya kama yaro, a rubuta ranar da ya fara, maganin da aka ba shi, sau nawa, da nauyinsa na awon ƙarshe, domin da nauyi likita yake auna maganin yara. A ɗauki hoton katin rigakafi da takardar gwaji da ta magani. Uwa ta kwana ba barci, an tambaye ta me ya sha ta ce "wani farin sirop", to dole a sake gwaji, a sake sayen abin da wataƙila yana ajiye a gida. Kuɗin nan yana min ciwo, wallahi.

Kuma don Allah kada a sayi maganin maleriya sai an yi gwaji. Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, cikin kamar minti 20 sakamako ya fito. Ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba.

Da damina, masu bi gida-gida suna raba maganin kariyar maleriya kyauta ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Kwana uku ake sha kowane wata, ku rubuta don kada a manta da rana ta biyu da ta uku.

Haɗin maganin da ake turowa a WhatsApp kuwa, a nuna wa ma'aikacin lafiya tukuna kafin ya shiga bakin yaro.